Littafin Awo

Littafin awona ya cika har bango.
Kowa na garin nan yana ciki:
Malam Haladu da tumbinsa,
Tasi'u direba mai wuyan raƙumi,
har wanda ya rasu bara, ban soke shi ba.
Rabilu ne kaɗai babu.
Me zan rubuta?
Kafaɗa sha tara, hannu ashirin da huɗu,
na san su yadda harshe ya san gurbin haƙori.

Jiya ya shigo da shadda ruwan toka a leda
daga kasuwar Gujungu, taɓon fadama har idon sawu.
Ya ce, "Jazuli, an sa rana. Da an yanke shinkafa.
Yi mini ɗinkin da za a yi zancensa har Ringim."
Na ce Allah ya sanya alheri.
Na faɗa da kyau, muryata ba ta yi rawa ba,
allurar da ke bakina ce ta kusa wucewa.

Na ce, tsaya in sake auna ka, ko ka yi ƙiba.
Ƙarya nake.
Ya buɗe hannuwa kamar mutum-mutumin gona,
yana lissafin lefe da man injin ban ruwa,
ni kuwa tef a hannu,
ina ƙirga numfashina.

Wannan abu, mene ne sunansa?
Na san sunayen da ake jifa da su a tashar babura.
Na fara jin ɗaya ina ɗan shekara tara,
ranar da na ɗauko tulu da irin takun yayata,
aka bushe da dariya a bakin rijiya,
Baba ya kwana uku bai kalle ni ba.
Na gwada sunayen nan ɗaya bayan ɗaya kamar rigunan gwanjo,
wannan ta shaƙe ni a wuya,
waccan ta yi mini yawa har ƙasa.
Babu wadda aka yanka da awona.

Wataƙila shaƙuwa ce kawai.
Tare muka yi kiwon awaki, tare muka saci dabino.
To ai Mudi ma tare muka tashi,
kuma ban san kukan babur ɗinsa daga nesa ba.

Inna ta ce, keken ɗinki biyu gare ka, me kake jira?
Na je zance wurin Hansatu sau uku.
Yarinyar kirki, ga ban dariya.
Na zauna a tabarma ina kallon bakin hijabinta,
ina cewa a raina, wane ne ya karkata wannan ɗinki?
Na dawo gida kamar wanda ya kai saƙon wani.

Na yi azumin Litinin da Alhamis.
Na karɓo rubutu, na ce wa malam ciwon kai ne.
Da asuba ina ɗaga hannu,
sai in rasa ta inda zan fara,
in ce, Kai ka sani.

In an kashe janareto
nakan tsaya gaban madubin shago, mai tsagar nan a gefe,
da fitilar waya.
Ga gemu. Ga faɗin ƙirji.
Fuskar Baba ce sak, har da tabon gira.
To wa ke leƙowa ta cikinta?

Tela ba ya auna bayansa.
Na gwada. Tef ɗin zamewa yake.

Saura kwana ashirin da ɗaya.
Na yanka shaddar, almakashi bai kauce ko gashi ba.
Zan yi masa aiki a wuya da farin zare,
zan sa hulata in shiga sahun abokan ango,
in ci shinkafa, in yi dariya inda ake dariya.

Ƙyallen da ya rage, bai kai tafin hannu ba,
ban jefa shi kwando ba.
Na sa shi a shafin ƙarshe,
inda na rubuta Jazuli
tun shekara biyu da suka wuce,
na ja layi a ƙasa,
ban cike ba.